Ruwan Lada

Duk shekara, idan jami'o'i suka fara karɓar masu neman digiri na biyu, sai matasa su fara sintiri a ofishina da ke Gwarzo. Sukan zo da takalma masu ƙyalli da fayil a hammata, mu gaisa, a tambayi gida da aiki da gajiya, sannan su ce, "Injiniya, muna so mu yi digiri na biyu na bincike a fannin gine-gine da gudanar da aikin gini. Me ake buƙata?" Kafin in buɗe baki wani a cikinsu ya riga ni amsawa: digirin farko a injiniyanci ko abin da ya dangance shi, sakamako mai kyau, takardar gama bautar ƙasa, malaman da za su tsaya maka, da ɗan bayanin abin da kake son bincikawa. Yana jero su kamar mai karanta kayan cefane. Duk gaskiya ne, amma wannan sallama ce kawai a ƙofar gida, ko zaure ba a shiga ba. Wani ma ya taɓa ce mini, "Ai abin ba wuya, Injiniya, zama ne a gaban kwamfuta a harhaɗa." Na dube shi na ce Allah ya shirye ka. To ku gyara zama in gaya muku abin da digirin nan ya nema a wurina, wanda ban gani a tallar kowace jami'a ba.

Aikin farko da na taɓa da hannuna katangar wani shago ce a kasuwar Kabo, ina ɗan sakandare. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai amininsa Baba Sale magini ya ce duk hutu a riƙa turo masa ni. Kayan aikinsa ba su da yawa: cokalin gini da bakinsa ya cinye saboda daɗewa, guduma, shebur, kwanon sarki, da igiyar awo mai ɗan ƙarfe a ƙarshenta, wadda yake ajiyewa a aljihun gaba kamar carbi. Idan aka sauke yashi sai ya damƙi kaɗan ya murza a tafin hannu, in ya bar masa jan dauɗa ya ce a mayar, laka ce. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Ranar da na jera bulo layi uku ina jin kaina, ya zo ya saki igiyar nan a jikin katangar, ya duba, ya sa ƙafa ya ture abin da na gina, ya tafi alwalarsa. Da ya dawo ya tarar da ni ina hawaye sai ya ce, "Habibu, ni na san ɗan wa kake. Igiya ce ba ta sani ba, ita ba ta da dangi." A hannunsa na koyi gini kafin in san ana karanta shi a littafi.

Da na gama jami'a na shiga aikin duba gine-gine a tsakanin Gwarzo da Kabo. Na tsaya a kan kwalbatoci, da azuzuwa, da shaguna, da benayen alhazai. Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai wanda zai ja ka gefe ya ce, "Injiniya, a rage rodin nan mana, ai Allah ne ke riƙe gini." Nakan ce haka ne, Alhaji, shi ne kuma ya halicci ƙarfe. Akwai wanda sai gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, matarsa ta ce taga ta yi ƙanƙanta, a fasa. Duk wannan na saba da shi. Abin da ya hana ni sakat daban ne. Sai in ga gini biyu, siminti ɗaya, yashi daga rafi ɗaya, ba wanda ya saci ko cokali, amma bayan damina biyu wannan yana nan daram, wancan ya fara tsagewa yana yoyo. Na tambayi manyana a aiki, kowa da abin da yake faɗa, ba mai hujja. Abin da ya mayar da ni aji ke nan, da furfura ta fara leƙowa a gemuna.

Malamar da aka ba ni ta duba aikina Dakta Rabi ce, mace mai ƙarancin magana. Na kai mata bayanin bincikena, shafuka masu yawa a kan lalacewar gine-gine a ƙasar nan da rashin tsoron Allah na 'yan kwangila. Ta karanta shafin farko ta miƙo mini abina. Ta ce, "Malam Habibu, wannan huɗuba ce, ba tambaya ba. Je ka ka kawo mini tambaya ƙarama wadda za a iya aunawa." Na yi ta kai da kawowa har na gaji da hanyar Kano, ga darussan lissafin ƙididdiga da dokar kwangila da tsara aiki suna jirana, ina zaune cikin yaran da a haife na haifi wasunsu. Daga ƙarshe tambayar ta koma jimla ɗaya: shin yadda ake tafiyar da ma'aikata ranar zuba kankare yana canza ƙarfinsa? Hanyar amsawa kuwa ba a kwamfuta take ba. Sai ka je wurin aiki da wasu 'yan akwatunan ƙarfe, ka ɗebi kwaɓin da ake zubawa, ka cika su, ka daddage. Washegari ka fitar da dunƙulen, ka rubuta wuri da lokaci a jikin kowanne, ka nutsar da su a ruwa. Wasu bayan mako ɗaya, sauran bayan mako huɗu, ka kai su ɗakin gwaji a sa a injin da ke matse su har su fashe. Nauyin da dunƙule ya ɗauka kafin ya fashe shi ne shaidarsa, kuma ba ya jin roƙo.

Shekara ta biyu ce mummunar shekarata. Na sha wahala kafin in tara dunƙulen farko, domin 'yan kwangila da sun gan ni da akwatunan nan sai fuska ta canza, kamar na zo da sammaci. Waɗanda na samu na jera su a tankin ɗakin gwaji, sai aka tafi yajin aiki aka garƙame ƙofa. Da aka buɗe na tarar tankin ya bushe ƙaraf, lokacin gwajinsu ya wuce da watanni. Dakta Rabi ta dube su ta ce, "Waɗannan duwatsu ne yanzu. Sake." A shekarar kuma siminti ya yi tsadar da aikin gini ya tsaya cak a yankinmu. Magina suka koma gona, wasu suka tafi cirani. Ina yawo da akwatuna a bayan mota babu inda ake kwaɓi.

Wuri ɗaya ne aikin bai tsaya ba, wato ƙauyenmu da ke gefen Gude. Mutanen garin sun daɗe suna tara siminti buhu-buhu don gina makarantar Islamiyya mai hawa ɗaya, wani ya kawo bayan ya sayar da gyaɗa, wani bayan ya sayar da ɗan maraƙi. An gama ƙasa, an kafa katako da itatuwan tokare, an ɗaura rodi, saura zuba dekin, wato rufin kankaren da za a ɗora bene a kansa. Baba Sale ne shugaban aikin, kyauta yake yi. Da na ce masa zan zo in ɗebi kwaɓi, dariya ya yi ya ce, "Zo mana. Ka kai wa malamanka su ga aikin tsofaffi." Ni ma a raina na ce ga wurin da zan samu misali mai kyau, tunda a nan ba mai sata ba mai ha'inci.

Wanda bai taɓa ganin gayyar zuba dekin a ƙauye ba, ba zai gane abin da zan faɗa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma aikin lada ne, don haka gari kaf yake fitowa. Samari na kwaɓi da shebur, wasu sun yi layi a kan tsani suna miƙa kwanon sarki hannu da hannu, ana salati, ana tsokanar masu ƙiwa. Da safe Baba Sale da kansa ya tsaya a kan kwaɓin, yana auna siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Na cika akwatunana na farko. Da rana ta take sai ya hau sama inda ake baza kankaren, don a nan aka fi buƙatarsa.

Bayan azahar tsofaffin mata suka iso. Al'adarmu ce: wadda ba ta da ƙarfin ɗaukar kwano, ba ta da abin sayen siminti, sai ta ɗebo ruwa daga rijiya ta zo ta zuba a kwaɓin da hannunta, da bisimilla, don ita ma a rubuta ta cikin waɗanda suka gina. Suka zo a jere, da bokiti da tulu da ƙwarya. Samarin suka yi murna, domin sun gaji, kuma kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin juyawa, ya fi saurin shiga tsakanin rodi. A cikinsu akwai Inna, mahaifiyata, tana jan ƙafarta mai ciwon gwiwa, ta hana kowa ya karɓar mata bokitin. Ni ɗanta ne na fari, kuma mu asalinmu na rugga ne, kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko ido ba ta cika haɗawa da ni ba. Ta wuce ta gabana kamar ba ta gan ni ba, ta tuttule ruwanta, ta shafa addu'a. Na ga kwaɓin ya yi sako-sako kamar kunu. Na ce wa samarin su ƙara siminti, suka ce wanda ya rage ƙididdigagge ne. Wa zai tare iyayensa a gaban jama'a ya ce su koma da ladansu? Na cika sauran akwatunan, na rubuta lokaci, ina fatan littafi ya yi ƙarya.

Bayan mako ɗaya na fasa kashin farko. Na safe suka yi ƙarfi yadda ake so. Na bayan azahar kuwa, injin bai gama nishi ba suka ruguje. Na tsaya ina kallon garin da ya zube. Dakta Rabi ta zo ta duba ta ce, "Kada ka yi saurin yanke hukunci. Kawo yashinsu da tsakuwarsu da irin simintinsu, ka kwaɓa a nan, ka canza ruwan kaɗai." Na yi hakan, amsar ba ta canza ba. Sai ta cire tabarau ta tambaye ni, "Su wa za su zauna a ƙarƙashin dekin nan?" Na ce yara ne, har da 'ya'yan ƙannena. Ta ce, "To rubutun zai iya jira. Tokaren ne ba zai jira ba. Tashi ka tafi."

Na sami Baba Sale a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, alfarma nake nema. Kada a cire itatuwan tokaren nan."

Ya ce, "Saboda me?"

Na yi masa bayani. Ya ɗago ya ce, "Habibu, kafin a haife ka nake zuba dekin. Ruwa ai bushewa yake yi ya bar siminti a wurinsa. Yaushe ruwa ya zama abokin gaba?"

Na ce, "Baba, idan ya yi yawa, in ya bushe gurbinsa yake bari, ƙananan ramuka da ido ba ya gani."

Ya ce, "Abin da ido ba ya gani kake so in rushe aikin gari a kansa?" Ya mayar da kansa kan fartanyarsa. Har na miƙe zan tafi sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ranar da za ka fasa sauran, ka biyo ka ɗauke ni. Gani ya kori ji."

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a muka tafi Kano. A ɗakin gwaji ya ƙi zama. Aka sa dunƙulen safe, allurar injin ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, kafin ya tsage da ƙara kamar an harba bindiga. Baba Sale ya gyaɗa kai. Aka sa na biyu. Wannan ko ƙara bai yi ba, ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Tsohon ya sunkuya ya ɗebi garin, ya murza a tafin hannunsa yadda yake murza yashi.

Ya ce, "Wannan na wane lokaci ne?"

Na ce, "Bayan azahar, Baba."

Ya ce, "Lokacin da iyayenku suka zo." Ya zaro hankici ya ƙulle garin ya sa a aljihu, inda igiyarsa take. Muka kama hanyar gida.

An yi taron a ƙofar gidan mai unguwa. Na faɗi abin da na gani, na ce fiye da rabin dekin ba zai ɗauki bene ba, ko kansa ma ban yarda zai riƙe shekaru ba, kuma ba a raba mai kyau da marar kyau tunda a haɗe suke. Wurin ya kaure. Wani dattijo ya ce, "Wato ɗan boko ya zo ya gaya mana sadakar iyayenmu ce ta ɓata gini?" Wani ya ce simintin da aka tara da gumi a shekarar da ba a samunsa, shi za a mayar ɓaraguzai saboda wani inji a Kano? Ban ga laifinsu ba. Sai Baba Sale ya miƙe, ya kwance hankicin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuba wa kowa kaɗan a hannu. Ya ce, "Ku murza. Wannan shi ne abin da muka ɗora a kan jikokinmu. Ni na yi aikin, ni kuma na ce a fasa." Liman ya ƙara da cewa lada a niyya yake, ba wanda nasa ya zube. Aka watse ba mai kallon wani.

Saura Inna. Wannan ya fi mini taron wuya, kuma ba na jin kunyar faɗa muku cewa na ji tsoro. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana tsintar wake a faifai, ta ba ni gefe. Labari ya riga ni isowa.

Ta ce, kamar da faifan take magana, "An ce ruwanmu ne."

Na ce, "Ba laifinku ba ne, Inna. Ba wanda ya taɓa gaya muku."

Ta ce, "Ba laifi na tambaya ba. Ruwanmu ne ko ba shi ba ne?"

Na ce, "Shi ne."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ce, "Tun ina amarya nake kai ruwa gini. Masallacin yamma na kai, na kasuwa na kai. Shi kaɗai ne abin da nake da shi." Sannan ta ce, "Shi ginin ba ya son ruwa ke nan sam?"

Tambayar nan ita ce ta zama babi na ƙarshe a kundina. Domin kankare yana son ruwa, so mai tsanani, amma ba ranar kwaɓi ba. Daga washegari, idan ya kama jikinsa, so yake a yi ta shayar da shi safe da yamma har kwanaki, kuma a nan ne gayyarmu take da rauni, don ranar zubi gari kaf yana nan, washegari kowa ya kama gabansa a bar dekin yana gasuwa a rana. Ashe muna kawo ruwan ranar da yake cutarwa, muna hana shi ranar da yake magani. Na gaya mata haka. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

An fasa dekin. Baba Sale ne ya fara ɗaga guduma, ya yi bugu uku ya miƙa wa samari ya koma gefe ya zauna. Ba a sake samun simintin wani dekin ba, aka rufa azuzuwan da kwano, kuma har yau makarantar nan ba ta da bene. Akwai mutanen da suka yi shekara ba su amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Baba Sale bai ƙara karɓar aikin dekin ba, ya ce idonsa ya yi rauni, ni kuwa na san ba ido ba ne. Ya rasu kafin in kare kundina, Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar da na tsaya a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yi mini tambayoyi, igiyar Baba Sale tana aljihuna, iyalinsa suka aiko mini da ita. An yi mini tambayoyi masu zafi a kan yawan dunƙulen da na gwada da yadda na yi lissafi, aka sa ni gyare-gyare, aka ce na ci. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Don haka idan kun tambaye ni abin da ake buƙata, ku kawo takardunku, dole ne. Ku zo da haƙurin sake aiki daga farko. Amma ku sani, wanda ya yi tambaya da gaske ba shi ke zaɓar amsa ba, kuma ba shi ke zaɓar gidan da za ta faɗa ba. In ba za ku iya ɗaukar amsar ku kai ta ƙofar ɗakin mahaifiyarku ba, ku nemi wani karatun.

Bayan shekara biyu aka yi gayyar dekin wani masallaci a wajen Masanawa, aka kira ni in tsaya. Na sa mutum ɗaya a kan ruwan kwaɓi, ba mai zubawa sai shi. Liman ya yi shela cewa ranar iyaye mata gobe ce da sauran kwanakin da ke biye. Na kwana da fargabar ba za su zo ba, don an riga an taɓa musu zuciya. Da hantsi ina tsaye a kan dekin sai na hango su a kan hanyar rijiya, a jere, da bokiti da tulu da ƙwarya. Inna tana cikinsu, ta sa an kawo ta a babur tun daga garinmu. Aka tallafa mata ta hau matakala. Ta zo daidai inda nake ta tsaya da bokitinta, ba ta zuba ba. Matar da ta yi shekara hamsin tana kai ruwa gini ba tare da neman izinin kowa ba, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido a gaban mutane.

Ta ce, "Injiniya, a zuba?"

Da ƙyar na ce, "Zuba, Inna. Yau duk abin da kika kawo yana so."